Randar Inna, Fankar Yaya

Bana azumi ya sake faɗowa tsakiyar bazara. Haka yakan yi, ya zagaya shekara ya komo inda ya baro bayan shekara talatin da 'yan kai. Na sha koyar da wannan a aji, da alli da allo, ina jin daɗin yadda lissafin ke fita daidai. Abin da ban taɓa gaya wa yara ba shi ne, in ya komo yakan taho da tsofaffin kayansa.

Wanda bai yi bazara a Illela ba zai ɗauka ƙari nake yi. Tun hantsi ƙarfen ƙofa ya daina taɓuwa. Ƙadangaru kan sauka daga katanga su nemi gindin tulu. In ka ajiye buta a tsakar gida ka zo alwalar azahar, sai ka jira ta huce kamar shayi. Wutar lantarki kuwa zuwan 'yan ta'aziyya take yi mana, ta shigo, ta ɗan zauna, ta shafa, ta tashi.

A cikin wannan hali aka kawo mini yayata, Hajo, daga Araba, ƙafafunta sun kumbura, numfashinta yana fita da ƙyar. Ita kaɗai ta rage mini a ɗakinmu, kuma ita kaɗai ce a duk ƙasar nan ke kirana Bube. Sauran jama'a Malam suke cewa, har da matata Kulu. Likita ya duba ta ya ce zuciya ce ta gaji. Ya rubuta magani, ya hana ta azumi, abin da har yau ba ta yafe masa ba. Sannan ya ja ni gefe ya ce abin tsoro shi ne zafin tsakanin azahar da la'asar, lokacin da zuciyar ke aikin mutum biyu. In mun iya tsallakar da ita wannan tsakanin kullum har ruwa ya sauka, to, da sauran magana. Ya ce a samar mata iska. Yana faɗar haka yana zaune ƙarƙashin fankar da ba ta juyawa.

Ban buƙaci dogon bayani ba. Na san wannan numfashin. Na taɓa zama kusa da shi, da mafici a hannuna.

Waccan shekarar da azumi ya faɗo bazara irin ta bana, ina ƙaramin malami, ban daɗe da kama aiki ba, Kulu kuma ko lallen aure bai gama fita daga farcenta ba. Mahaifinmu ya riga ya rasu, saura mahaifiyarmu, Inna. Daminar da ta wuce ba ta yi abin kirki ba, gonarmu ta Tozai ta ba mu abin da ta ga dama. Kafin azumi ya kama, sai an dira cikin rumbu an sharo ƙasansa ake samun damin da za a sussuka. Shanu sun yi kudu. Matan Fulanin da suka saba kawo nono suka ɗauke ƙafa, wadda ta leƙo kuwa nononta kamar ruwan wankin ƙwarya. Muka koma dama fura da tsamiya. Sahur ɗumame ne da miyar kuka, buɗa baki kunu, in an samu dabino sai a raba shi.

Amma yunwa ba ita ce babbar ba. Ruwa ne. Rijiyar unguwarmu ta ja baya har aka yi wa igiya ƙari, aka sake yi mata wani. In ka saki guga sai ka ji shiru mai tsawo kafin ya taɓa ƙasa, ya fito rabinsa laka. Daga sallar asuba maza kan wuce can mu yi layi, a jira ruwa ya tsattsafo, kowa ya ɗan kwalfa. Abin da na samo kafin in tafi makaranta, shi ne na gida har washegari. Kulu ta jefa masa alif ya kwanta, ta tace da mayafi, ta raba: na tukunya, na alwala, na randar Inna.

Randar Inna sananniya ce. Baƙa ce, tsohuwa, an binne ta har wuya cikin yashi a gindin dogonyaro, kullum ana yayyafa wa yashin ruwa. A lokacin ba mu san ƙanƙara ba sai a littafin karatu. Duk wanda yake son ya buɗe baki da ruwan da zai ji shi har ƙirji, gidanmu yakan aiko. Gab da magariba sai ka ga kwanoni a ƙofa. Tun muna yara haka muka taso muka gani, ba mu taɓa jin an ce wa kowa babu ba.

Sai Inna ta kwanta. Ƙafa ta kumbura, numfashi ya gajarce. Yaya Hajo ta baro ɗakin mijinta ta zo jinya, ta karɓi mulkin gidan ba tare da an naɗa ta ba. Ita ta tsara yadda yini zai tafi. Da safe a fito da Inna rumfar zana ta sha ɗan abin da ya rage na iskar asuba. Rana na ɗagawa a mayar da ita ɗakin soro mai kaurin bango. A jiƙa zane a rataya a ƙofa, a jiƙa wani a lulluɓa mata daga ƙirji zuwa ƙafa, sannan a zauna a yi ta fifita. Kulu ke yin na hantsi. In na taso daga makaranta in karɓa. In zafi ya kai intaha Yaya ta ture ni ta karɓa da kanta, don ta ce fifitata ta 'yan boko ce.

"Ba daga kahwaɗa aka yi ba, Bube. Daga wuyan hannu. Kai kamar mai korar ƙuda."

Ruwan jiƙa zanen daga randa ake ɗiba, don shi ne mai sanyi. Ban san yadda zan kwatanta wa wanda bai yi ba, abin da mai azumi ke ji in ya tsoma hannu cikin ruwan sanyi da tsakar rana. Ka matse zane, ruwa ya bi gwiwar hannunka yana ɗiga, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya taso, harshenka kuwa ya bushe kamar kabar maficin da ke hannunka. Kafin ka kai ƙarshen gajeriyar sura zanen ya bushe ƙayau. Ka sake tashi. Duk sanda sanyin ya sauka a jikin Inna sai kafaɗunta su ɗan kwanta, numfashin ya daidaita. In ya bushe su sake tashi. Da ido muke ganin abin da moɗa guda ke saye mata.

Shi ya sa Yaya ta fara faɗa da kwanonin magariba. Wata rana ina jin su daga bakin ƙofa.

"Inna, ruwan ga na jikinki na. A bar ba da shi."

"An zaka ƙohwata da kwano, in ce mi?"

"Ki ce babu."

Inna ta daɗe tana tara numfashi. Sannan ta ce, "Akwai."

Daga nan Yaya ta daina shawara, ta koma tsaro. Ta ɗora faifai a bakin randa, ta ɗora dutse a kan faifan. Mai kwano ya zo ta auna masa abin da zai jiƙa maƙoshi, ta bi shi da kallon da zai hana shi dawowa gobe. Unguwa ta yi ta maganarta. Ko a jikinta.

Aka fita roƙon ruwa, muka juya riguna, muka dawo da ƙafafu a ƙone. Sama ta yi shiru. Har ranar da gari ya wayi da wani irin lulluɓi, ba hadari ba, ba rana ba, kamar an kifa mana kwano. Ko ganyen dogonyaro ba ya motsi. Yaya ta kwana ba barci, sai ta ce bari ta ɗan kishingiɗa kafin azahar, ta bar Kulu da mafici. A daidai lokacin wasu mata suka tsaya ƙofarmu, daga arewa suka fito, fari ya koro su, da yara a goye da wasu a hannu. Inna ta ji kukan yaro. Ta ce wa Kulu ta ɗaga dutsen.

Amarya ba ta musu da uwar miji. Ba a koya mata yadda ake yi ba, kuma da an koya mata da ba a aura mini ita ba. Ta ba su, suka sha, suka kira na bayansu. Da na dawo daga makaranta na tarar da Yaya tsaye kan randa, moɗa na karta gindinta, Kulu kuma durƙushe kanta a ƙasa tana maimaita kalma ɗaya: "Ita tac ce. Ita tac ce."

Na ɗauki garwa na ruga rijiya. Mutane suka ji abin da ake ciki suka ba ni gaba, amma rijiya ba ta san gaggawa ba. Na tsaya ina kallon duhun ramin, ina jiran ruwa ya taru. Da na samu abin da na samu na juyo, tun daga bakin lungu na ji salati yana tashi daga gidanmu. Ban san inda na ajiye garwar ba.

Muna dawowa daga maƙabarta ruwan farko ya sauka. Laka ta kama mana takalma. Na shiga gida na iske Yaya tsaye cikin ruwan, ba mayafi, tana kallon randa na cika da kanta. Ba ta juyo ba ta ce, "Bube, in na kwanta, kowa yaz zaka da kwano ka ce babu. Ka ji ni?" Na ce na ji.

Daga baya na tambayi masu ilimin abin, suka ce ruwan randa ba shi zai hana ba, zuciyar ta riga ta gama aikinta, kuma kwana in ya ƙare ya ƙare. Kaina ya yarda da su. Ƙafafuna ne har yau ba su yarda ba, in na bi ta lungun nan sai in ji suna sauri.

To, wannan ne abin da ke cikina ranar kasuwa da na nufi shagon Sahabi neman fanka mai batir. Sahabi tsohon ɗalibina ne, yanzu ya yi tumbi ya yi furfura a gemu, yana sayar da kayan lantarki kusa da hanyar Ƙonni. Yana ganina ya miƙe ya cire hula ya mayar.

"Malam da kainai! Wallahi har yanzu in na gane ka sai bayana ya yi ƙaiƙayi."

"Da ka yi aikin gida da bai yi ba. Hwanka nika so, wadda ba ta jiran wuta."

Ya baje mini su kamar 'yan aji. Akwai 'yar mitsitsiya da ake riƙewa a hannu, akwai ta ratayawa a wuya, akwai mai rediyo, akwai wata mai fitilu kala-kala da ke walƙiya kamar motar biki. Na ce masa ba ado na zo saye ba. Ina son wadda za ta ɗauki mara lafiya daga azahar har rana ta yi sanyi ba ta tsaya ba, wadda ke cin caji daga rana, wadda ba ta da ƙara, kuma wadda Kulu za ta iya ɗagawa da hannu ɗaya. Ya ɗauko kwali ya nuna mini inda aka rubuta cewa tana yini ta kwana.

"Kwali yac ce. Kai mi kac ce?"

Ya sosa ƙeya. "Malam, ni dai ba a taɓa maido mani ita ba."

"Ba a maido gawa, Sahabi."

Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Na gaya masa ko don wa nake nema. Sai ya kawo mini kujera.

Abin da na iya a duniya shi na yi, na ba su jarrabawa. Na sa ya zaɓo waɗanda yake alfahari da su, ya cire su daga caji, ya kunna su a matsakaicin gudu, na zauna gabansu da carbi ina tsaro. Masu saye suna shiga suna fita, wasu da naira wasu da sefa, kowa ya kalle ni ya kalli fankokin ya tambayi Sahabi ko lafiya. Mai fitilun biki ita ta fara faɗuwa, tun kafin a kira azahar. Mai rediyo ta bi ta. Har la'asar ta gota saura biyu suna juyawa. Ɗaya baƙa ce, mai nauyi, ba fitila ba komai sai farantin solarta, maɓalli ɗaya gare ta. Ɗayar shuɗiya, ta fi sauƙin ɗauka, tana da fitila, ita ma tana da farantin sola da doguwar waya, kuma a bayanta akwai wata 'yar kafa.

"Wagga ita direbobi ka saye, masu kwana bakin iyaka," in ji Sahabi. "Da Hillani masu tahiya da shanu, da masu kwana gona. Ka ga kahwag ga? Nan aka sa waya. Hwanka ta, hitila ta, gidan caji ta. Waccan baƙar kuwa kurma ta, ba ta san kowa ba."

Ba zan ce randar Inna ba ta gifta mini ba. Ta gifta. Na kalli 'yar kafar nan, na tuna unguwarmu da yawan wayoyinta. Amma sai na tuna wa zan kai wa. Matar da ta ɗora dutse a kan faifai, wadda ta tsaya cikin ruwa ta ba ni umarni. Na ce a raina, in akwai wanda fanka za ta tsira a hannunsa, to Yaya ce. Na ɗauki shuɗiyar, don Kulu ba ta da ƙarfin hannu kamar da.

Kwanakin farko abin ya tafi yadda na tsara. Da safe in ɗora farantin a kan katanga in fuskantar da shi gabas, wayar ta bi ta taga zuwa ɗakin Yaya. Ba a kunna fanka sai an kira azahar. Kafin nan Kulu na fifita da mafici, kamar shekarun ba su wuce ba. In an kunna, a rataya jiƙaƙƙen zane a ƙofa, iska ta bi ta kansa. Kafaɗun Yaya su kwanta. Har ta samu bakin tsokana.

"Bube, wagga ta hi ka iya hihita. Kuma ba ta huci."

"Ba ta azumi, Yaya."

"Ni ma an hana ni. Mu biyu marasa lada."

Sai taransifomar unguwa ta ƙone. 'Yan ta'aziyyar ma suka daina zuwa. Famfon burtsatse ya tsaya tunda ba abin da zai ja ruwa, 'yan garuwa suka yi wuyar gani. A cikin kwanakin ne na lura fankar ta fara gajiya da wuri. Da takan kai mu har rana ta karkata, yanzu ana idar da la'asar sai ta fara jan ƙafa. Na goge farantin da gefen rigata. Na canja masa wuri. Na zagi Sahabi a zuci, na zagi wanda ya rubuta kwalin. Na kuma lura matan unguwa sun ƙara yawan zuwa duba Yaya, musamman da hantsi in na fita, kowace ta daɗe. Na ji daɗi ƙwarai. Har na ce wa Kulu ashe zumunci bai mutu ba. Ta ce, "Uhm," ta ci gaba da tankaɗe.

Ranar da nake son ba da labarinta, gari ya wayi a kife. Tun da na fito masallaci na ɗaga kai na gane shi, irin lulluɓin nan ne, ba hadari ba rana. Farantin sola a irin wannan rana bai fi faifai amfani ba. Amma na san jiya da yamma na bar batir da ɗan abin da zai taimaka, kuma dole in leƙa Tozai, inda masu yi mini binne, wato shukar da ake yi kafin ruwa ya sauka, ke jiran iri. Na ce zan dawo kafin azahar. Babur ya ɓaci a hanya, ban shigo gida ba sai da aka sallame salla.

Tun daga tsakar gida na ji abin da ban so ji ba, wato ban ji komai ba. Na ɗaga zanen ƙofa, a bushe yake. Fankar na juya kai a hankali kamar tsohon da ake ba shawara yana ƙi. Ina kallo ta yi juyi ɗaya ta tsaya. Yaya na jingine da bango, an tara mata matasai, leɓɓanta sun yi duhu, kafaɗunta na hawa suna sauka. Kulu na fifita da hannu biyu, zufa na ɗiga daga haɓarta. Daga bayan fankar wata waya ta fito wadda ba ni na sa ta ba, ta rabu gida-gida, ta shige ƙarƙashin matashi. Na ɗaga matashin. Wayoyin hannu ne a jere, manya da ƙanana, har da mai ɗaure da roba, kowace ta sha ta ƙoshi.

"Kulu, mi na wanga?"

Ba ta ɗago ba. "Malam, ita tac ce."

"Likita hwa, mi yac ce?"

"Malam, ita tac ce."

Tsohuwa ce yanzu, da jikoki, amma muryar ta amaryar nan ce da ke durƙushe gindin dogonyaro. Wadda ba ta yi musu da uwar miji ba, ba za ta fara da yayar miji ba.

Yaya ta ɗaga yatsa. Maganar na fita guntu-guntu. "Ɗan Ige... shina Agadas... ta daɗe... ba ta ji muryatai ba."

"Sauran hwa? Duk Agadas ɗiyansu suke? Yaya, ke kic ce mani in ce babu. Cikin ruwa kina tsaye kic ce."

Ta rufe ido. Na ɗauka ba za ta amsa ba. Ta daɗe tana tara numfashi, kamar yadda na taɓa gani an tara shi. Sannan ta ce, "Akwai."

Na kira likita. Ya ce in sa mata ƙwayar a ƙarƙashin harshe, kada a kwantar da ita, kada kuma a kuskura a ɗora ta a keke napep cikin wannan zafin. A sanyaya ta ko ta wace hanya, yana tafe da zarar ya sallami wanda ke gabansa. Kulu ta ce ruwan duro ya kusa ƙarewa, in yi sauri in je tasha, ana samun ƙanƙara wajen masu janareta.

Na kai bakin ƙofa na tsaya. Ƙafafun da ke sauri a lungu suka ƙi ɗagawa.

"Malam, ka tahi mana!"

"Ba ni hita. Wancan karon na tahi."

Ta kalle ni, ta gane. Sai ta ajiye mafici ta fita tsakar gida, matar da ban taɓa jin ta ɗaga murya ba tun da na aure ta, ta tsaya jikin katanga ta ƙwala wa maƙwabta kira. "Ige! Balki! Ku zaka da ruwa! Yaya ta!"

Suka zo. Wata da bokiti, wata da tulu a kai, wata da 'yar ƙanƙarar da ta ɓoye cikin buhu don buɗa bakin maigidanta. Mai mafici, mai faifai, mai murfin kwali. Ige, tsohuwar da ɗanta ke Agadas, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Malam, ba mu wuri, za mu kware mata jiki." Aka fitar da ni daga ɗakin yayata a gidana. Na zauna a ƙasa bakin ƙofa, bayana jikin bango mai zafi kamar tanda, jiƙaƙƙen zane na ɗiga kusa da ƙafata.

Daga nan kunne ne kawai nawa. Ina jin mafitai suna kaɗawa, ba a tare ba, kowane da saurinsa. Ina jin ana matse zane cikin bokiti. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya fito ya same ni, harshena ya manne da ganɗa. A ƙarƙashin duk wannan ina jin numfashin, yana hawa kamar mai jan guga daga rijiya mai zurfi, ya tsaya, in riƙe nawa, sannan ya sake kamawa. Na fara sura na manta tsakiyarta, ni da na yi shekaru ina gyara wa yara karatu. Sama ta ƙara duhu. Ko tsuntsu babu. Wata a ciki ta ce, "Yaya, buɗe ido. Yaya!" Wata ta ce a ƙara ruwa a wuya.

Sai mafitan suka tsaya. Gaba ɗaya, lokaci guda.

Na miƙe ban san na miƙe ba. Na tsaya ina jiran salatin. Na san yadda yake farawa, murya ɗaya ce ke ɗauka sauran su bi.

Zanen ƙofa ya kumbura ya shige ciki, ya bugi wata a fuska. Iska ce. Ta taga ta fara shiga, shi ya sa suka saki hannu. Dogonyaro ya sunkuya, kwanon rufi ya yi ƙara, wani murfin tukunya ya bi tsakar gida da gudu. Ɗigon farko ya faɗo mini a wuya, mai nauyi, mai sanyi. Kafin in ɗaga kai ruwa ya tsuge.

Ina tsaye cikinsa, ban iya shiga ba, ban iya tambaya ba. Sai na ji murya daga ciki, siririya, a gajiye, amma ba ta rasa mulkinta ba.

"Bube na nan?"

"Shina nan, Yaya," in ji Kulu, tana kuka.

"Ku ce mai... ya shigo da hwarantin ga... kar ruwa ya ɓata shi. Gobe akwai masu caji."

Likita ya iso jiƙe sharkaf, ya duba ta, ya ce mu gode wa Allah, ya kuma ce kada a sake. Na ce masa ya gaya mata da kansa, ni na gwada.

Ruwan farko ba ya kashe zafi, jinkirta shi kawai yake yi. Ranar kasuwa na koma wurin Sahabi na ce ya ba ni baƙar.

"Kurmar? Malam, ai ba ta da inda aka sa waya."

"Na sani. Ɗauko."

Shuɗiyar na mayar da ita rumfar tsakar gida, gindin dogonyaro, ba nisa da inda yashin randa yake a da. Farantinta na kan katanga, duk mai waya ya zo ya sa, ba sai ya yi sallama da mara lafiya ba. Baƙar kuwa ni ke ɗaukarta da kaina, don ta fi ƙarfin Kulu. Ranar da na kai ta ɗaki Yaya ta sa aka matso mata da ita. Ta shafa gabanta, ta juya bayanta, ta bi gefe da gefe da yatsa tana laluben kafa. Ta sake zagayawa. Sannan ta ɗago ta harare ni.

"Bube, wagga hwanka marowaciya ta."

"Awo, Yaya," na ce, na danna maɓallin. "Irin wadda kic ce in zama."